Tambaya: ya za a yi mutum ya amsa laifin kisan da bai yi ba, kuma ba dukansa aka yi ba?

Maman Ilham:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar shari'a ko suke bin irin waɗannan shirye-shiryen. Satin nan na gama kallon wani shiri a Netflix mai suna The Confession Tapes, wanda ya fara fitowa a 2017. Ba wasan kwaikwayo bane, labarai ne na gaske na mutanen da aka ɗaure a Amurka saboda sun amsa laifin kisa da bakinsu, daga baya suka dawo suka ce wallahi ba su bane, titsiye su aka yi. Abinda ya fi tsaya min a rai shine ana nuna ainihin bidiyon da aka ɗauka a ɗakin tambayoyin, kana gani da idonka babu duka babu mari, tebur ne da kujeru da mutane suna magana, wani lokacin ma cikin taushin murya, amma kafin a tashi mutum ya ɗora wa kansa kisan kai.

Akwai wata uwa a jihar Michigan, Karen Boes, gidansu ya yi gobara a 2002 'yarta mai shekara 14 ta rasu a ciki. Tun tana cewa ba ita bace ba ita bace, har aka kai inda ta fara cewa wataƙila ta yi bata sani ba. Aka yanke mata ɗaurin rai da rai. Ni uwa ce, daren da na kalli wannan ban iya barci ba.

Maigidana yace ruwa baya tsami banza, duk wanda ya buɗe baki ya amsa to akwai abinda ya sani, shi ko kwana bakwai za a yi ana tambayarsa ba zai ce ya kashe wanda bai kashe ba. Ni kuma na kasa bashi amsa, don a raina nima haka nake ganin kaina. To ya abin yake? Da gaske ana iya sa mai hankali ya amsa abinda bai yi ba da fatar baki kawai, ko dai masu shirin ne suke wasa da tausayin mu?

Abu Fadil:

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Abinda maigidanki ya faɗa shi kusan kowa yake faɗa, kuma shi masu yanke hukunci a kotu suke da shi a ransu, shi yasa da zarar an kunna musu bidiyon mutum yana cewa "ni ne" to magana ta ƙare, ko me lauya zai kawo bayan nan ba lallai su saurara ba.

Amma ki sani waccan hirar da kika gani ba hira bace haka kawai, tsari ne da ake koyarwa. Sunansa tsarin Reid, daga sunan John Reid, wani tsohon ɗan sandan Chicago, kuma shekaru da dama shi aka fi koya wa masu bincike a Amurka. Da farko za a zauna da kai kamar ana neman bayani, mai binciken yana karantar jikinka yana yanke wa ransa ko ƙarya kake. In ya yanke cewa kai ne, daga nan ba tambaya ake ba kuma, faɗa maka ake. Zai shigo yace bincike ya gama nuna kai ne, abinda ya rage kawai muji dalili. Ka buɗe baki zaka musa ya katse ka, ka sake ya sake katsewa, har ka gane musun nan baya kai ka ko'ina. Sai kuma ya sauko ya zama kamar ɗan uwanka, yace na san kai ba mugu bane, tsautsayi ne, kowa aka ɓata wa rai haka zai iya yi. Sai ya ajiye maka hanya biyu, shin shirya abin kayi ko kuskure ne? Duba da kyau, duk wadda ka ɗauka ka amsa.

Babban abin kuma, a Amurka doka ta bar ɗan sanda ya yi maka ƙarya a wurin tambayoyi. Kotun ƙolinsu ta bar ƙofar a buɗe tun 1969 a shari'ar Frazier da Cupp. Zai iya cewa an samu zanen yatsanka, abokinka ya tona maka asiri, ka faɗi gwajin na'urar gano ƙarya, alhali babu ko ɗaya. Akwai wani yaro Marty Tankleff a jihar New York, 1988, shekararsa 17, ya tashi da safe ya tarar an kashe mahaifiyarsa an ji wa mahaifinsa mummunan rauni. Ɗan sandan ya fita ya yi kamar ya amsa waya, ya dawo yace babanka ya farfaɗo a asibiti kuma yace kai ne. Uban bai farfaɗo ba har ya rasu. Yanzu ki sa kanki a matsayin yaron, ya san babansa baya masa ƙarya, bai taɓa tunanin hukuma zata ƙirƙiri magana irin wannan ba, to me ya rage masa in ba ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa ba? Ya amsa, nan take ya janye, ya ƙi sa hannu, duk da haka sai da ya yi shekara 17 a gidan yari kafin a soke hukuncin a 2007.

Sannan ga tsawon lokaci. Steven Drizin da Richard Leo sun tattara amsa laifi 125 da aka tabbatar na ƙarya ne suka fitar a 2004, a waɗanda aka san tsawon zaman, matsakaicinsa ya haura awa 16. Babu barci, ga yunwa, ga tashin hankalin rashin da aka yi maka. Mutum a wannan hali baya tunanin shekara talatin masu zuwa, tunaninsa yadda zai fita daga ɗakin nan yau.

Dattijo77:

Wani hanzari ba gudu ba. Ni ma na kalla kuma ban musa abinda Abu Fadil ya faɗa ba, amma 'yata Maman Ilham ki riƙe ɗaya, mai shirya irin wannan shirin ya riga ya ɗauki ɓangare tun kafin ya kunna kyamara. Shi yake zaɓar minti biyar daga zaman awa goma, shi yake zaɓar wanda zai yi magana da kiɗan da zai sa a ƙasa. Shari'ar da aka yi watanni ana yi ya matse ta a awa ɗaya.

Ɗauki labarin da aka buɗe shirin da shi, na Sebastian Burns da Atif Rafay. An kashe mahaifin Atif da mahaifiyarsa da 'yar uwarsa a gidansu a Bellevue, jihar Washington, a 1994. Samarin suka koma Kanada, 'yan sandan can suka yi shigar manyan 'yan daba suka ja su jiki har suka ɗauke su a bidiyo suna bada labarin kisan. Na yarda dabarar tana da hatsari, kotun ƙolin Kanada da kanta ta taka mata birki a 2014. Amma an yanke musu hukunci a 2004, sun ɗaukaka ƙara ba su ci ba, kuma babu wani gwaji da ya fito ya nuna ga wanda ya yi. Hatsarin dabara daban, wanke mutum daban. Haka aka yi da wani shirin Netflix irin wannan mai suna Making a Murderer a 2015, duniya ta ɗauka da zafi, sai masu gabatar da ƙara suka fito suna cewa an bar hujjoji da yawa ba a nuna ba.

Kuma abinda ke damuna, a irin waɗannan shirye-shiryen wanda aka kashe sai ya koma hoto ɗaya da ake haskawa na daƙiƙa uku. Iyalansa suna nan da rai, suna kallon an mayar da wanda kotu tace shi ya kashe musu ɗa abin tausayi. Wannan ma zalunci ne in har mutumin shi ya aikata.

Zarah_M:

Baba Dattijo gaskiya ka faɗa game da masu shirin, kuma ya kamata a raba biyu: waɗanda ake ta jayayya a kansu, da waɗanda aka tabbatar. Amma tambayar Anti ita ce ko abin yana faruwa, kuma wannan kam babu sauran gardama. A ƙididdigar ƙungiyar Innocence Project, mai fafutukar wanke waɗanda aka ɗaure bisa kuskure, da lauyoyi biyu Barry Scheck da Peter Neufeld suka kafa a 1992, a cikin mutum 375 da gwajin DNA ya wanke a Amurka zuwa 2020, kashi 29 cikin ɗari akwai amsa laifin ƙarya a shari'arsu. Waɗannan ba mai kyamara ne ya wanke su ba, jini ne da maniyyi da gashi suka nuna wani ne daban.

Anti ga wani abu da zaki faɗa wa Abban Ilham. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Saul Kassin, ya yi gwaji da ɗaliban jami'a aka buga a 1996. An zaunar dasu a gaban kwamfuta ana karanto haruffa suna bugawa, aka ja musu kunne kar su taɓa wani maɓalli guda ɗaya don komai zai lalace. Can sai kwamfutar ta mutu, dama haka aka shirya, babu wanda ya taɓa komai. Aka ce kai ka taɓa. Da farko duk sun musa, amma daga ƙarshe kashi 69 cikin ɗari sun sa hannu a takarda cewa su suka yi, kashi 28 har sun yarda a ransu, wasu ma suka fara bada labarin yadda yatsansu ya zame. A rukunin da aka sa su sauri kuma aka kawo mai shaidar ƙarya tace ta gani da idonta, gaba ɗayansu suka sa hannu. Na san za a ce maɓalli ba kisa bane, haka ne, amma su ma ba awa 16 suka yi ba, mintuna ne, kuma babu wanda ya ce musu ga kujerar kisa tana jira.

Kassin ya kasa abin gida uku. Akwai wanda zai kawo kansa babu wanda ya tambaye shi, don neman suna ko taɓin hankali ko kare wani nasa, kamar lokacin da aka sace jaririn matuƙin jirgin sama Charles Lindbergh a 1932 mutum sama da 200 suka ce su ne. Akwai wanda ya san sarai bai yi ba amma ya amsa don a ƙyale shi. Sai na ukun wanda shine ya fi ban tsoro, wanda aka juya har ya daina yarda da tunaninsa, ya fara cewa ƙila na yi na manta. Maganar da kika ji daga bakin waccan uwar irin wannan salon ne, ko da yake ni ba zan rantse a kan shari'arta ba.

Kuma abin mamaki rashin laifin ne kansa yake jefa mutum. Tun 1966 doka ta wajabta a faɗa wa wanda aka kama yana da damar yin shiru da neman lauya. Wanda ya saba shiga hannu ya san wannan, sai ya kama bakinsa. Mai gaskiya kuwa sai yace me zan ɓoye, ya zauna shi kaɗai ya yi ta bayani. In aka ce masa an kai jini gwaji ma sai ya ji sanyi, yace bari in faɗi abinda suke so in huta, gobe sakamako zai fito ya wanke ni. Bai san da zarar ya amsa an rufe bincike ba.

Abu Fadil:

Baba, maganarka ta iyalan mamaci ita nake so in tsaya a kai, don a ganina ita ce ma hujja mafi ƙarfi a kan wannan aiki. Duk sanda aka ɗaure wanda bai yi ba, wanda ya yi yana waje yana yawo.

A watan Afrilu 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da mugun duka tana gudun motsa jiki a Central Park a birnin New York. Aka kama yara biyar 'yan shekara 14 zuwa 16, huɗu baƙar fata ɗaya ɗan asalin Latin. Huɗu daga cikinsu aka ɗauke su a bidiyo suna amsawa, kowa yana cewa shi gefe ya tsaya ko riƙewa ya yi, sauran ne suka aikata, labaransu basu ma dace da juna ba, DNA ɗin da aka samu bai dace da ko ɗaya ba. Aka ɗaure su. Wanda ya yi abin, Matias Reyes, ya ci gaba da fyaɗe a wannan shekarar har ya kashe wata mata mai ciki kafin a kama shi. Sai 2002 ya faɗa da bakinsa a gidan yari, aka gwada DNA ya dace, aka soke hukuncin yaran. Korey Wise, babban cikinsu, ya yi kusan shekara 13. A 2014 birnin ya biya su diyyar dala miliyan 41, ɗaya daga cikinsu Yusef Salaam ya ci zaɓen majalisar birnin a 2023. To amma ita matar da aka kashe a tsakani fa?

Na Norfolk a jihar Virginia ya ma fi nuna yadda amsa laifi ke rufe wa masu bincike ido. 1997 aka kashe matar wani sojan ruwa, aka titsiye maƙwabcinta ya amsa. DNA ya fito ba nashi bane. Maimakon a ce an yi kuskure sai aka ce ashe ba shi kaɗai bane, aka kamo abokin zamansa shi ma ya amsa, DNA bai dace ba, aka ƙaro wani, haka haka har sojojin ruwa huɗu suka amsa. Daga baya aka samu Omar Ballard wanda DNA ɗin nasa ne, kuma yace shi kaɗai ya yi. Sai 2017 gwamnan jihar ya yi wa huɗun cikakkiyar afuwa.

Yanzu Maman Ilham ga abinda nake so ki kula dashi, don shi ke ruɗar mutane. Za a ce to in ba shi bane ya aka yi ya san da wace wuƙa aka yi, ya san a wane ɗaki? Brandon Garrett, malamin shari'a, ya bi takardun mutum 40 da suka amsa laifi DNA ya wanke su, 38 daga ciki amsar tasu tana ɗauke da irin waɗannan bayanan da aka ce mai laifi ne kaɗai zai sani. Mutanen nan basu je wurin ba, to daga ina suka samu? Daga bakin mai tambaya, ko hotunan da aka baje musu a tebur, wani lokacin shi ɗan sandan bai ma lura ya furta ba. A bidiyon Brendan Dassey na Making a Murderer, yaro ɗan shekara 16 mai raunin fahimta, ana ta tambayarsa me aka yi wa kan matar da aka kashe yana ta cinke, yace an yanke mata gashi, yace an naushe ta, har mai binciken ya gaji ya faɗi maganar harbi da kansa, sannan yaron ya bi. Da aka gama sai yake tambaya ko zai koma makaranta don yana da aikin aji da zai miƙa. Wata kotun tarayya ta soke hukuncinsa a 2016, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo dashi a 2017 da alƙalai huɗu a kan uku. Alƙalai bakwai sun kalli bidiyo ɗaya sun rabu kusan biyu.

Maman Ilham:

Innalillahi. Wallahi jikina ya yi sanyi, musamman na yaron da yake tambayar makaranta, bai ma san me ya yi wa kansa ba. Na gode ƙwarai Abu Fadil da ƙanwata Zarah, Baba kai ma na ji naka kuma zan riƙe. To amma duk da wannan an gyara ne ko har yanzu haka ake?

Zarah_M:

An taɓa wani abu Anti amma da saura. Ingila ta riga su, bayan abin kunyar da suka sha, kamar mutum huɗu na Guildford da aka saka a 1989 da shida na Birmingham a 1991 duk bayan shekaru a ɗaure kan harin bam ɗin da basu kai ba. Tun kafin a sake su dokarsu ta 1984 ta kawo naɗar tambayoyi a kaset, kuma farkon shekarun 1990 suka koma wani tsari da ake kira PEACE, inda aikin mai tambaya shine ya tattara bayani ya gwada shi da hujja, ba ya matso kalmar "ni ne" ba, kuma ba a yarda ya ƙirƙiri hujjar ƙarya ba. A Amurka jihohi da yawa yanzu suna wajabta ɗaukar zaman tun daga farko har ƙarshe, wanda yana da muhimmanci sosai, don a na Central Park ƙarshen kawai aka ɗauka, awannin da aka yi kafin nan babu wanda ya gani. Illinois ce jiha ta farko da ta hana yi wa yara 'yan ƙasa da 18 ƙarya a wurin tambayoyi, a 2021, Oregon ta biyo baya. Manya kuwa a mafi yawan jihohi har yanzu ana iya yi musu.

Kuma ba Amurka kaɗai bace. A Japan an kama Iwao Hakamada, tsohon ɗan dambe, a 1966 kan kisan mutum huɗu 'yan gida ɗaya, ya amsa bayan kusan kwana 20 ana titsiye shi, ya janye a kotu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1968. An sake shi a 2014, sai a watan Satumba 2024 kotu ta wanke shi yana da shekara 88. Yayarsa Hideko ce ta yi ta bin shari'ar duk tsawon shekarun nan, ita ce ma ta tsaya masa a kotu tana da shekara 91, don shi zaman jiran kisa ya riga ya taɓa masa hankali.

Dattijo77:

Allah sarki wannan baiwar Allah. Na karɓi maganar Central Park da ta Norfolk, waɗannan babu ja. A kan Burns da Rafay dai ina nan inda nake har sai an kawo abinda ya wuce shirin talabijin.

Maman Ilham:

Ba laifi Baba. Daren nan zan sake kunna na Karen ɗin tare da Abban Ilham, na ce masa ya ɗauko biro da takarda, duk bayanin da ya fito game da gobarar mu rubuta wa ya fara furta shi, ita ko masu tambayar. Zan dawo in faɗa muku abinda muka samu in sha Allah.